Dutsen Da Ya Amsa Wa Aradu

An ce a zamanin da, can cikin wata ƙasa mai duwatsu da fadamu, an yi wani sarki ana kiransa Tanimu. Mutum ne mai kyauta da son jama'a, amma in ransa ya ɓaci ba ya jin kira sai ya huce, kuma ba ya hucewa da wuri. Wazirinsa wani dattijo ne mai suna Ɗalhatu, wanda ya yi wa mahaifin Sarki aiki kafin shi. Sarki yana da ƙane guda ɗaya tak, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya naɗa Ciroma, yana ƙaunarsa kamar ransa.

Gabas da birnin akwai wani dogon dutse mai faɗin fuska, ya miƙe tsaye kamar an yanke shi da wuƙa. A gindinsa maƙeran ƙasar suka kafa ƙauyensu tun kaka da kakanni, saboda tamar ƙarfe da suke haƙa a wurin. Sarkin Maƙera a lokacin sunansa Bagudu. Kowa a birnin ya san in an yi tsawa sai a ji wata cida ta biyo baya daga wajen dutsen nan, amma ba wanda ya taɓa damuwa da ita.

Wata rana da la'asar, farkon damina, Ciroma yana dawowa daga gona sai hadari ya tare shi a bakin birni. Ya fake ƙarƙashin wata doguwar giginya. Aradu ta faɗa kan giginyar, ta tsaga ta har ƙasa, Ciroma ko shurawa bai yi ba.

Sarki ya shiga gida ya ƙi fitowa. Da aka share makoki ya fito fada idanunsa jawur, ya zauna, ya ce, "Ƙanena bai yi rantsuwar ƙarya ba, bai ci amanar kowa ba. Me ya sa aradu ta bar duk mutanen da ke kan hanya ta zaɓe shi?"

Sai Galadima Cindo ya gyara zama. Wannan Galadima ya daɗe yana kwaɗayin fadamar da ke gindin dutsen maƙera da ramukan tamarsu. Ya roƙi tsohon Sarki an hana shi, ya roƙi Tanimu ma an hana shi. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, aradu ba ta zaɓe, aika ta ake yi. Duk wanda ke nan ya ji da kunnensa, ranar da abin ya faru, tsawa na faɗuwa sai aka amsa mata daga ƙauyen maƙera. Wa ke amsa wa abin da bai kira ba? Su ne masu wuta, su ne masu ƙarfe, kuma kowa ya san Ciroma ya taɓa yi wa Bagudu faɗa a kan garemanin gandu da suka makara."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tun ina yaro dutsen nan yake amsa tsawa. Amsa-kuwwa ce kawai."

Sarki ya juyo gare shi. "Amsa-kuwwa. Wa ke amsawar?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Dutse ne."

"Dutse yana da baki?"

Waziri ya san abin gaskiya ne, amma bai taɓa tambayar kansa yadda yake faruwa ba. Nan take Sarki ya yanke hukunci. Aka kamo Bagudu aka sa masa mari a ƙafa, aka kori maƙera daga ƙauyensu aka tsare su a bayan ganuwa da matansu da 'ya'yansu. Sarki ya ce da Waziri, "Na ba ka daga nan zuwa tsayuwar wata. Ka nuna mini mai amsawa in gan shi da idona. In ka kasa, kan Bagudu zai faɗi, danginsa su bar mini ƙasa."

Waziri bai nufi gida ba, sai ya wuce wurin wani abokinsa malami mai suna Malam Sidi, wanda ya yi karatu a ƙasashe masu nisa, ya kuma ratsa duwatsun Azbin tare da ayarin fatake. Ya tarar da shi a zaure, ya zauna ba ko doguwar gaisuwa, ya ce, "Malam, yau an tambaye ni abin da kowane makiyayi ya sani, na tsaya kamar gunki."

Malam Sidi ya saurare shi har ya gama. Sai ya sa aka kawo kwatarniya cike da ruwa, ya jefa tsakuwa a tsakiyarta. Ruwan ya yi zobe-zobe ya tafi har ya bugi bakin kwatarniyar, sannan ya juyo.

"Ka ga wannan? Haka murya take tafiya cikin iska, sai dai ido ba ya ganinta. In ta tarar da fili sai ta yi ta tafiya har ta gaji ta mutu. In ta tarar da abu mai tauri mai faɗi, sai ta buge shi ta dawo. In abin yana kusa da kai, dawowarta na haɗuwa da fitarta, ba za ka rarrabe ba. In da tazara, sai ka ji ta sau biyu. Tsawa ma ƙara ce kamar kowace ƙara, girma kawai ta fi su. Allah ya halicce ta, ya kuma ba ta hanyar da take bi."

"To walƙiya fa?"

"Abu ɗaya ne da tsawa, tare suke tashi. Haske ne mai sauri, ƙara kuwa mai nauyin ƙafa ce. Ba ka taɓa hango mace tana daka daga nesa ba, ka ga taɓarya ta sauka, sai ta ɗago sannan ka ji bugun? Shi ya sa in hadari na nesa sai ka ga walƙiya ka jira kafin ka ji cida, in yana kanka kuwa sai su zo kusan tare."

Waziri ya tashi da farin ciki, yana ganin magana ta ƙare. Bai san wahalarsa ce ta fara ba.

Da farko ya roƙi Sarki ya fito da fadawa zuwa gaban dutsen. Ƙauyen wayam, ba kowa sai kaji. Waziri ya sa wani dogari mai babbar murya ya tsaya a fili ya yi kuwwa, "Gafara dai!" Dutse ya dawo masa da ita, "Gafara dai!"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ga shi. Maƙera duk suna tsare, dutse bai fasa amsawa ba."

Galadima ya yi murmushi. "Ai an bar ɗaya a ɓoye cikin kogo."

Aka tura dogarai suka bincike kogo da tsaguna, suka dawo da ƙaya a riguna, ba su ga kowa ba sai jemagu. Galadima bai ko girgiza ba. Ya ce, "To ka ga abin da nake tsoro ke nan, Zaki. Da mutum ne ai da sauƙi. Aljani ne suka ajiye, suna yi masa yanka."

Waziri ya aika kasuwa aka zo da wani Buzu mai sayar da gishiri, aka ce ya yi kira da harshensu. Ya yi, dutse ya mayar masa da Buzanci tsaf, har Buzun ya yi dariya ya ce a garinsu yara ke wannan wasa.

Galadima ya ce, "Wane harshe ne aljani bai sani ba?"

Fadawa suka ce, "Gaskiya ne, Galadima." Waɗansunsu Waziri ya san tare suka yi wasan kuwwa a gaban wannan dutse suna yara, amma yanzu kowa ya sunkuyar da kai yana gyara rawani. Sarki ya juya ya tafi.

Bayan 'yan kwanaki Waziri ya sake dabara. Ya sa aka kai babban tambari can ƙarshen wata fadama, inda ake hango mutum kamar ɗan tsako. Ya tsayar da Sarki a kan tudu, ya ce ya zuba wa hannun makaɗin ido. Makaɗi ya ɗaga hannu ya buga. Shiru. Sai da hannun ya koma sama sannan ƙarar ta iso. Aka maimaita har Sarki ya matsa gaba da kansa yana kallo.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ido na riga kunne. Ranar nan ma haka aka yi. Kafin kunnen kowa ya ji tsawa, kafin ta isa dutse ta juyo, Allah ya riga ya karɓi ran Ciroma. Abin da ya zo daga baya ba shi ya kira na gaba ba."

Waziri ya fara sa rai. Sai Galadima ya matso ya ce a hankali, "Tambari fata ce da itace, Zaki. Aradu kuwa daga sama take. Yanzu mutuwar Ciroma ce ake gwadawa da kiɗa?"

Fuskar Sarki ta canza. Ya ce, "Waziri, ƙanena na cikin kabari, kai kana tara mini makaɗa da masu gishiri. Na ce ka nuna mini mai amsawa. Kada ka sake fito da ni rana sai ka same shi."

Waziri ya koma wurin Malam Sidi ya tuɓe rawani ya jefar a kan tabarma. Ya ce, "Na gaji, Malam. Na nuna masa da kunne, na nuna masa da ido. Duk ƙofar da na buɗe sai mutumin nan ya tura aljani ya zauna a ciki. Yaya ake kama abin da ba ya nan a ce ga shi ba ya nan? Jiya na je bayan ganuwa. Yaran maƙera na kwana cikin ruwa, gonakinsu ciyawa ta cinye, manoman birni kuma suna yawo da karyayyun fartanyu ba mai gyara musu. Bagudu ya tambaye ni, 'Waziri, kai ma ka yarda na kashe shi?' Na ce a'a. Ya ce, 'To me ya hana ka faɗa?' Ina ta faɗa, Malam! Ba mai ji ne!"

Malam Sidi ya ce, "Sarki ba hujja ya rasa ba, ƙanensa ya rasa. Galadima kuma ba jahili ba ne, ya san gaskiyar kamar yadda ka sani."

Waziri ya ɗaga kai. Ya dubi abokinsa ya ce, "Ka ce kowane abu mai tauri mai faɗi. Ko ba dutse ba?"

"Ko ba dutse ba. In dai yana da tsawo da santsi, kuma akwai fili a gabansa."

Tun daga washegari mutanen birni suka fara ganin abin mamaki. Waziri guda, da gemunsa fari fat, yana bin unguwa-unguwa, in ya ga doguwar katanga sai ya ja da baya ya tafa hannu ya kasa kunne, ya matsa ya sake tafawa. Mata na leƙe ta kan danga suna salati. Ya gwada ganuwa, damina ta zaizaye ta, ciyawa ta rufe, ba ta ce komai ba. Ya gwada bangon masallaci, rumfunan kasuwa sun tare gabansa. Galadima ya kai wa Sarki labari cewa tsufa ya taɓa Waziri, ya kamata a fara tunanin wanda zai gaje shi. Waziri ya ji, ya haɗiye, ya ci gaba da tafinsa har tafin hannunsa ya yi ja. Wata na gab da tsayuwa ya sami abin da yake nema.

Ranar da aka tara jama'a don yanke hukunci, aka fito da Bagudu cikin mari, ya rame, ƙafafunsa sun kumbura. Sarki ya ce, "Waziri, ina mai amsawa?"

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na yi gardama da Galadima, yau na sallama. Amma bincikena ya nuna mini Bagudu ba shi kaɗai ba ne. Akwai wani a cikin birnin nan da wurinsa ke amsa kira kamar yadda dutse ke yi. Ina tsoron faɗar sunansa, don babban mutum ne, kada a ce hukuncin talaka daban na babba daban."

Galadima ya yi zumbur ya ce, "Ko wane ne! Duk wanda aka yi kira a wurinsa aka amsa ba tare da an ga mutum ba, aljani ya ajiye. A sare kansa tare da na Bagudu, a ƙwace gidansa."

Waziri ya ce, "Zaki ya yarda da wannan hukunci?"

Sarki ya ce, "Na yarda."

Waziri ya shige gaba, Sarki da fadawa da jama'a suka bi shi. Suka wuce kasuwa, suka wuce marina, suka fito wani fili. A ƙarshen filin ga sabon gidan Galadima, wanda ya gina bara, katangarsa ta fi ta kowa tsawo a birnin, an shafe ta da makuba ta yi sumul. Waziri ya tsayar da jama'a daga nesa, ya kira dogarin nan mai babbar murya, ya ce, "Kira mai gidan."

Dogari ya cika ƙirji ya ce, "Galadima!"

Katanga ta ce, "Galadima!"

Jama'a suka ja da baya. Galadima ya ce, "Wani ne a ciki! Bayina ne!" Aka shiga aka fito da kowa, har tsohuwar da ke tsaron kaji. Dogari ya sake kira, katanga ta sake amsawa. Aka nemo Buzun nan ya yi da harshensu, ta mayar masa.

Waziri ya ce, "Wane harshe ne aljani bai sani ba, Galadima?"

Sarki ya dubi Hauni, mai sare kai, Hauni ya matso. Galadima ya zube a ƙasa rawaninsa ya warware. "Zaki, wallahi ba aljani! Amsa-kuwwa ce! Murya ce ke bugun bango ta dawo, kowa ya sani, yara ma sun sani!"

Sarki ya ce, "Kai ma ka sani?"

Galadima ya rufe baki, amma ya makara.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ban kawo ka nan don a zubar da jini ba. Ka ce in nuna maka mai amsawa. Ga shi tsaye, ƙasa ce da makuba. Bari kuma in sa shi ya yi shiru a gabanka." Ya sa aka kwaso zana da ingirici da tsofaffin tabarmi, aka rataya wa katangar rufi kan rufi, aka jingina mata dammunan ciyawa tun daga ƙasa har sama. Dogari ya yi kira, ba abin da ya dawo sai ɗan gunaguni. Malam Sidi, da ke tsaye cikin jama'a, ya matso ya ce abu mai taushi shanye murya yake yi, kamar yadda yashi ke shanye ruwa.

Sarki ya sa aka yaye zanar. Ya tako da kansa tsakiyar fili, ya tsaya shi kaɗai. Mutane suka zaci kiran Galadima zai yi. Sai ya kira sunan ƙanensa na yanka, wanda ba a ji a bakinsa ba tun ranar da aka naɗa shi. "Lawandi!" Katanga ta dawo masa da shi da muryarsa. Sannan ya juyo wurin Malam Sidi ya ce, "To, Malam, wa ya kashe shi?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Aradu ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo a fili, giginyar nan kuwa ita kaɗai ce a wurin. Ya fake inda kowa zai fake, kwanansa kuma ya ƙare."

Sarki ya ja gefen rawani ya rufe fuska. Ba wanda ya motsa har ya sauke.

Nan take aka nemi a cire wa Bagudu mari, sai aka rasa mai cirewa, don duk maƙeran na tsare a bayan ganuwa. Sai da aka je aka sako su, ɗansa na fari ya zo da guduma ya fasa ƙarfen. Sarki ya ce, "Bagudu, na zalunce ka. Faɗi abin da za a yi wa mutumin nan."

Bagudu ya dubi Galadima, ya dubi kumburarrun ƙafafunsa. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, kansa ba zai nome mana gona ba. Daminar bana ta wuce mu. Mutanena abin da za su ci suke nema."

Sarki ya tuɓe Cindo daga sarauta, ya sa aka buɗe rumbunansa aka kwashe hatsin aka kai ƙauyen maƙera, aka raka shi iyakar ƙasa da iyalinsa. Ya tabbatar wa maƙera da fadamarsu da ramukan tamarsu a gaban shaidu. Ya kuma sa sanƙira ya zaga kasuwanni yana shela, cewa in hadari ya taso kada kowa ya fake ƙarƙashin doguwar itaciya a fili.

Da fada ta watse, Waziri ya tsaya. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ina roƙon a sallame ni in koma gonata. Na tsufa. Na faɗi gaskiya tun ranar farko, ba a karɓe ta ba sai da wuƙa ta kusa wuyan mai rawani. Da ban sami katangar nan ba, da yanzu Bagudu na cikin ƙasa, gaskiyar kuma tana nan yadda take. Wannan abu ya tsaya mini a rai."

Sarki bai yi fushi ba. Ya ce, "Ni ma ya tsaya mini. Shi ya sa ba za ka tafi ba. In ka bar ni da waɗanda suka ce 'gaskiya ne, Galadima', wa zai fito da ni rana in na sake rufe kunne?"

Waziri ya dubi tafin hannunsa da bai gama warkewa ba, ya yi ajiyar zuciya. Ya ce, "To, Zaki. Amma in an sake, a taimaki tsoho a ji shi tun a zaure."

Sarki ya ce, "An ji."

Waziri Ɗalhatu ya zauna a kan muƙaminsa har ƙarshen ransa, maƙera suka koma bakin zuga-zuginsu kafin kaka, ƙasa ta zauna lafiya. Iyakar abin da ya iso gare ni na wannan labari ke nan.